Sulabha Maushi da Waƙar Mai Fito

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina zaune a bayan tagar sayar da tikiti ta gidan wasan kwaikwayonmu da ke unguwar Dadar, kuma in aka ce in faɗi wanda ya fi ba ni ciwon kai cikin masu leƙo tagar nan, ba sai na yi dogon tunani ba. Sulabha Maushi ce. A yarenmu Maushi na nufin ƙanwar uwa. Ita ba ƙanwar uwata ba ce, ba ta haɗa jini da kowa a gidan ba, amma daga mai gadi har manaja Maushi muke ce mata. Ita kuwa ta ɗauki sunan da gaske, tana yi mana faɗa kamar ita ta goya mu.

Daga garin Thane take tahowa a jirgin ƙasa duk Lahadi, don wasan ƙarfe huɗu na yamma. Gajeruwa ce, da farin zanen sari, da laima ko da rani ne, da wata jakar hannu mai maɓallin ƙarfe. Kujerarta ɗaya ce, sahu na uku, lamba bakwai. Ina da takardar da aka zana kujerun zauren a kai, duk wadda aka saya in soke ta da jan fensir. Tata nake fara sokewa ran Litinin da safe tun kafin in sha shayi, don na taɓa mantawa sau ɗaya shekara goma sha huɗu da suka wuce, kuma har yau ban gama jin labarin ba. Lamba takwas ta mijinta ce a da. Shi ya fara kawo ta wasa, ya rasu tun ɗansu yana firamare. Ba ta hana a sayar da kujerar ba, amma duk wanda ya zauna a kai sai ta kalle shi daga sama har ƙasa.

Matar nan ba ta iya zama wuri ɗaya. Ƙarfe uku take isowa, ta karɓi tikitinta, ta shiga zagaye tsakar gidan. Ta karanta wannan allon talla, ta koma wancan, ta leƙa kaskon mai suyar batata-wada, ƙosanmu na dankali, ta dawo tagata.

"Sada, me kuka dafa mana yau?"

"Sabon wasa ne, Maushi, na ban dariya. Jiya maƙil muka cika."

"Akwai doguwar kujerar falo a tsakiyar dandali?"

"Akwai."

"Miji da mata suna faɗa a kanta?"

"To... e, kusan haka."

"Wannan ai ina da shi a gida kyauta, ɗana da matarsa. Su ko hutun rabin lokaci ba sa ɗauka."

Ta faɗi haka, kuma ta shiga ta kalla. Ban taɓa ganin ƙararrawa ta uku, wadda ake buɗe labule da ita, ta same ta a waje ba. Tana jin ta biyu take cusa laima a hammata ta nufi ƙofa, ko da a tsakiyar zagin wani take.

Shekara talatin da uku ta yi a tsohon ofishin waya, zamanin da sai ka roƙi wata ta haɗa ka da wanda kake nema. A can ta wasa kunnenta. Takan ce daga yadda mutum ya ja numfashi kafin ya yi magana take gane ko haihuwa zai sanar ko rasuwa. Da wannan kunnen take zama a sahu na uku, kuma kaico ga wanda ya hau dandali bai shirya ba. Ba ta ihu, ba ta tsaki. Maɓallin jakarta kawai take buɗewa ta rufe. Ƙas. Ƙas. 'Yan wasa suna jin sa sarai. Na ga manyan taurarin talabijin, waɗanda 'yan mata ke bi da waya suna ɗaukar hoto, sun zo tagata suna tambaya a hankali, "Ta zo?"

Su ne ma suka fi shan ta. A hutun rabin lokaci takan tsaya gefen mai batata-wada, mutane su kewaye ta, ta yanke hukunci da baki cike.

"An manna musu makirufo a kumatu kamar ƙuda a jikin mangwaro, suna ta raɗa. In raɗa nake so ai sai in koma ofishin waya. Da can ɗan wasa in ya ce 'Tsaya!' mai suyar nan da ke waje sai ya tsaya."

Kada a ce sabon abu take ƙi. Akwai wasu 'yan jami'a da suka yi wasa a kan ma'aikatan masaƙar da aka rufe, ba kayan ado ko ɗaya a dandalin sai igiya guda. Sau uku ta kalle shi, ta janyo maƙwabtanta daga Thane kamar mai kai yara rigakafi. Abin da ke ƙona mata rai shi ne tsofaffin wasannin waƙa da ake ta farfaɗowa da su yanzu.

"Wasa na awa biyar, waƙa talatin da biyu, sun datse shi ya koma awa biyu da rabi, waƙa tara, don a share zaure a shigo da masu kujerar falo na ƙarfe takwas. An ɗauko kakarka, an yi mata aski, an sa mata wandon jikarta, wai ta dawo budurwa! Ina ogan, abin kiɗan nan da ake hura wa iska da ƙafa? Sun kawo allon lantarki mai kukan sauro. Kogin da aka zana a labule ba ya motsi, amma na sha jin sanyinsa. Nasu na majigi yana gudu har da kifi, ni ko yatsan ƙafata bai jiƙa ba."

Mu a nan, in mawaƙi ya yi waƙa ta ratsa mutane, tafi kaɗai ba ya isa. Wani ne zai ɗaga murya ya ce, "A sake!" Sai labarin wasan ya tsaya cak, sarki da fadawa su jira, mawaƙi ya koma farkon waƙar. Ba a ƙin amsa wannan kira, abin kunya ne. Kuma ba a maimaita ta yadda aka yi da farko, dole ta biyun ta zo da wani salo, in ba haka ba a ce rediyo ne kai. Mutanen sama, masu arahar kujera, da an ja murya an daɗe sai su kira. Na Maushi kuwa ƙirga shi ake yi. A shekaruna a gidan nan sau shida na ji, kuma duk mutum shidan suna ba da labari har yau.

Trimbak Buwa ba ya cikin shidan.

Wanda bai ji Buwa a ƙuruciyarsa ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Ƙato ne, ƙirji kamar randa. Abin da ya yi suna da shi shi ne wani tsohon wasa na mai fito, wanda matarsa ta haye kogi ba ta dawo ba, ya tsufa a bakin ruwa yana jira. A ƙarshen wasan akwai waƙar da yake kiran ta, a cikinta kuma akwai wani dogon baiti mai hawa. Buwa da numfashi ɗaya yake haye shi, yana murɗa shi, yana lanƙwasa shi, har mutane su miƙe tsaye kafin ya dire. Sau uku, sau huɗu ake sa shi ya sake. Shi kuwa duk lokacin da ya dire sai ya saci kallon sahu na uku, ya tarar da Maushi tana wasa da maɓalli. Tun tana da shekara ashirin da tara, mijinta na gefenta, take yi masa haka.

Dalilinta ba ɓoyayye ba ne, ta sha faɗa a gaban kasko. "Mutumin da ke kira a bakin kogi, in ya yi kira sai ya tsaya ya saurara ko za a amsa. A tsakiyar baitin nan akwai wurin tsayawa. Shi wucewa yake yi kamar jirgin da ba ya tsayawa a ƙananan tashoshi."

Magana ba ta kwana a gidan wasa, ta kai kunnensa. Da na kama aiki sai na gaji saƙonsu, don ba su taɓa magana ido da ido ba. Maushi ba ta shiga bayan dandali. Ta ce wanda ya ga fuskar ɗan wasa ba hoda ba kwalli ya ɓata wa kansa wasa. Sai Buwa ya tsaya a tagata ya ce, "Sada, ka gaya wa mai wayar nan taka, waƙa ba layin tarho ba ce da za a katse a tsakiya." In kai. Ta ce, "Ka ce masa mai kiran da ba ya sauraro ba matarsa yake nema ba, tafi yake nema." In mayar. Haka suka mai da ni ɗan aike da furfurata, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Buwa ya bar dandali. Bara aka yi masa aikin zuciya. Sai ga wani matashin mai kamfani ya farfaɗo da wasan mai fito a daminar bana, da sababbin yara. Maushi ta kalla sau biyu, maɓalli ya sha wahala. Da aka zo rufewa, sai mai kamfanin ya sanar cewa a wasan ƙarshe Trimbak Buwa da kansa, mai shekara saba'in da takwas, zai fito a matsayin tsohon mai fito ya yi waƙar nan guda ɗaya. Kafin azahar ɗin Litinin takardata ta yi ja wur.

Ran Talata 'yar Buwa, Mrunal, ta zo. Ta jira layi ya ƙare, ta sunkuyo, ta kira ni da cikakken sunana.

"Sadanandrao, alfarma na zo nema. Kar ka sayar wa Sulabha Maushi tikiti."

"Tai, 'yar'uwata, ki ce in kulle gidan in jefa mabuɗin a teku, ya fi mini sauƙi."

"Likita sau ɗaya ya yarda ya yi waƙar. Sau ɗaya, shi ma da ƙyar. Jiya a gida ya gwada, da ya gama sai da muka kwantar da shi, leɓɓansa sun canza launi. Za a sanar kafin a buɗe labule cewa ba maimaici. Ya yi mini alkawari duk wanda ya kira ba zai kula ba." Ta ƙara sunkuyowa. "Ya ce ban da mutum ɗaya. Ya ce in ita ce, ko zai faɗi a wurin sai ya sake."

"Ai shekara arba'in da biyu ba ta kira ba."

"Da can ƙato ne. Yanzu in ta gan shi tausayi zai kama ta."

Na ce zan gwada. Washegari sai ga Maushi, ran Laraba, ranar da ba tata ba, laima tana ɗigar ruwa.

"Kujerata."

"Maushi, an samu kuskure. Mai kamfani ya riƙe sahun gaba duka don manyan baƙi."

Ta zuro hannu ta ƙarƙashin ƙarfen tagar, ta juya takardar ta fuskance ta, ta ɗora yatsa a kan lamba bakwai, inda na rubuta ƙaramin harafin sunanta kamar kullum.

"Sada, ka ja numfashi sau biyu kafin ka fara. Ƙarya ba sana'arka ba ce. Wa ya aiko ka?"

Na zayyane mata komai. Na zaci za ta yi laushi, ashe wuta na hura.

"Tausayi? Ni? Yaushe na taɓa kiran tausayi? Sadaka nake rabawa a sahu na uku? Ka gaya wa yarinyar nan ta kwantar da hankalinta. Ubanta da huhu biyu lafiyayyu bai yi waƙar nan daidai ba, ba yanzu zai fara ba. Ba zan kira ba. Na yi alkawari, ka kai mata."

Ta karɓi tikiti. Amma ba ta tafi ba. Ta zagaya tsakar gidan sau uku a cikin yayyafi, ta dawo.

"Ya rame?"

"An ce ya rame."

"Hm."

Ran Alhamis ta sake zuwa, wai ta manta ko ƙarfe huɗu ne ko huɗu da rabi, matar da ta fi agogon gidan sanin lokaci. Ran Juma'a ta zo tambayar ko an samo ogan na gaske, ko da allon sauron nan za a raka shi. Na ce an samo, har da tsohon makaɗinsa. Ta ce saura kuma su sa masa majigi a baya. Ta tsaya tana buɗe jaka tana rufewa har mutumin da ke bayanta a layi ya ce, "Maushi, in kin gama mu ma muna da gida." Ta juya ta ba shi amsar da ba zan rubuta ba.

Ran Asabar wayar ofis ta yi ƙara. Muryar ta dushe, amma na gane ta.

"Sada. Ta sayi tikiti?"

"Ta saya, Buwa."

Na ji yana ta jan iska. Can ya ce, "Ka ce mata ta taho da kunnenta."

Wannan saƙon ban kai ba. Na rasa wanda nake wa aiki a cikinsu, gaba kura baya sayaki. Ina so tsohon nan ya samu abin da ya jira tun ina ɗan makaranta, kuma ina so ya koma gida da ƙafafunsa.

Lahadi ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma ko kujera ɗaya ba ta yi saura ba. Aka kunna turare, aka buga ƙararrawa ta uku, mai sanarwa ya roƙi jama'a su kashe waya, ya ƙara da cewa saboda ƙurewar lokaci yau ba za a maimaita kowace waƙa ba. Na rufe tagata, abin da ba na yi, na je na tsaya a ƙofar gefe inda nake ganin dandali da sahu na uku gaba ɗaya.

Maushi ba ta zauna lafiya ba ko na minti ɗaya. Ta gyara sari, ta matsar da laima, ƙafarta tana ta rawa. A hutun rabin lokaci aka kewaye ta ana jiran hukunci a kan yaron da ya fito a mai fito na ƙuruciya. Ta ce, "Murya akwai, amma yana waƙa yana kallon kansa a madubi." Batata-wadan da ta saya yana hannunta har ya huce, ta miƙa wa mai gadi.

Da aka buɗe labulen ƙarshe, ga Buwa tsaye a bakin kogi, riƙe da gorar tuƙi. Da can sai an shafa masa fari a gashi, yanzu an huta. Rigar ta yi masa yawa. Zaure ya ɗauki tafi, ya jira ya lafa, ya gyaɗa wa mai ogan kai.

Muryar ta yi siriri, amma tana kan hanya. Ya bi baitocin farko a hankali, kamar mai taka matakala da kaya. Sai ya iso dogon baitin. Na ga ya cika ƙirji yadda ya saba, ya fara hawa, yana kiran matar, yana hawa, mutane suka fara ɗagowa daga kujerunsu don sun san inda za a je. A tsakiya numfashin ya ƙare.

Ya tsaya. Ya jingina da gorar, kansa ya karkata gefe guda, bakinsa a buɗe, idonsa can ƙarshen zaure sama da kawunanmu. Mai ogan ya ɗauke hannu, mai kaɗa gangar tabla ma haka. Ba abin da ake ji sai ruwan sama a kan rufi. Iska yake nema, na sani, kowa ya sani. Amma abin da muka gani shi ne tsoho a bakin kogi ya yi kira ya kasa kunne. Ni da ban san komai a waƙa ba sai na tsinci kaina ina sauraron ko za a amsa daga ƙetare. Ba a amsa ba. Ya sauke kai, ya ƙarasa baitin ƙasa-ƙasa, ba murɗiya ba lanƙwasa, ya dire.

Tsigar jikina ta tashi. Tafin da aka yi ban taɓa jin irinsa a gidan nan ba. Wasu daga sama suka manta da sanarwa suka yi ta kira, bai ko ɗaga ido ba. Sahu na uku yake kallo, kuma wannan karon ba satar kallo ba ne. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka, gorar tana rawa a hannunsa. Ta gefen labule na hango Mrunal ta haɗa tafin hannu a bakinta. Tafin ya mutu. Mutane suka bi idonsa, zaure duka ya juyo kan wata 'yar tsohuwa mai farin sari.

Jakar tana kan cinyarta a buɗe, ta manta ba ta rufe ba. Na san abin da ke cin ta. Ta yi alkawari ne don ta tabbata ba zai iya ba, ga shi ya iya. In ta yi shiru ta yi ƙarya a sahu na uku, abin da ba ta taɓa yi ba, kuma mutumin zai koma gida da zaton har yau bai kai ba. In ta kira, ga leɓɓansa nan kowa yana gani.

Ta miƙe tsaye.

"A sake!"

Da muryar ofishin waya ta faɗe shi, har sahun ƙarshe aka ji. Buwa ya miƙe ƙyam kamar an zare masa shekara ashirin. Ya juya ya gyaɗa wa mai ogan kai, mai ogan ya ɗora ƙafa a kan feda. Mrunal ta rufe fuska. Ni kuwa a zuciyata na zagi Maushi, zagi na gaske.

Sai ta nuna mai ogan da laima.

"Kai, ɗauke ƙafarka, ban gama ba! Buwa, shekara arba'in da biyu ka sa na jira kafin ka yi ta daidai. Kai ma sai ka jira. Ni na kira, ni ke da ranar. Ba yau ba. Lahadi mai zuwa."

Zaure ya fashe da dariya da tafi. Buwa ya buɗe baki zai yi gardama, dariya ta kama shi, tari ya biyo baya. Ya haɗa hannu biyu ya sunkuyar mata da kai, ya daɗe a haka. Wanda ke jan labule, Allah ya yi masa albarka, bai jira umarnin kowa ba.

Kowa a zauren ya san babu wata Lahadi. Wasan ya rufe, kayan ma an riga an kira motar kwashe su. Lahadi mai zuwa ta masu kujerar falo ce. Da ake fita Maushi ta ratsa masu son gaishe ta, ta tsaya a tagata da ke rufe, tana kokawa da laimar da ta ƙi buɗuwa.

"Ya yi daidai, ja'irin tsoho," ta ce, ba tare da ta dube ni ba. "Rabi na saɓa wa 'yarsa, rabi na cuci uban. Na kira abin da na san ba za a ba ni ba, Sada. Ina ma in ƙara jin waƙar sau ɗaya tak."

Ta shiga ruwa ta tafi, laimar a rufe.

Ran Juma'a sai ga Mrunal a layi. Na shirya shan faɗa. Ta ce, "Sahu na uku, lamba takwas, wasan Lahadi. Baba ya hana mu sakat a gida." Na riga na ajiye kujerar wa wani lauya. Na ɗauki abin goge fensir na mayar da lauyan sahu na biyar, ya je ya kai ƙara inda ya ga dama.

Ran Lahadi Maushi tana cikin zagayenta, tana karanta allon wasan ban dariyar tana taɓe baki, tasi ta tsaya a bakin ƙofa. Mrunal ta fito da shi a hankali. Ba hoda, ba kwalli, ba gora, sai sanda da hular ulu da tabon tsufa a kumatu. Maushi ta tsaya cak. Ya zo har gabanta.

"An ce in zo Lahadi."

Ta kalle shi daga sama har ƙasa, yadda take wa duk mai lamba takwas. "A dandali ka fi tsawo."

"Ke kuma daga can kin fi kyau."

Suka shiga tare a ƙararrawa ta biyu. Mai tsaron ƙofa ya ce mini rabin farko duka gunaguni suke yi, tana ƙas da maɓalli, shi yana buga sanda a ƙasa, har mijin da ke kan kujerar falo ya manta maganarsa sau biyu.

A hutun rabin lokaci ba ta je gaban kasko ba. Suka zauna a bencin da ke ƙarƙashin rumfa, kusa da tagata. Ya kalli 'yarsa, ta ɗaga masa yatsa ɗaya. A zaune ya yi waƙar, ba ogan ba tabla, da muryar da ba ta wuce taku biyar ba. Ya canza salo kamar yadda al'ada ta ce. Da ya iso tsakiyar dogon baitin ya tsaya da kansa, da sauran iska a ƙirjinsa, ya juyo ya dube ta, ya daɗe, sannan ya ƙarasa. Mai suya ya bar batata-wada ya ƙone a mai.

Maushi ta goge ido da bakin sarinta, ta ja hanci.

"Ta farkon ta fi."

"Kai jama'a! Sada, ka ji ta ko? Da me ta fi?"

"Ran nan ba ka san ko za a amsa maka ba. Yau ka san ina nan."

Ya kalli kan sandarsa. Can ya ce, "Haka ne."

Ƙararrawa ta farko ta buga, mutane suka fara komawa ciki. Ta biyu ta buga. Na lura ƙafarta ba ta rawa, jakar tana gefe a kan benci.

"Sada, ka ce a kawo shayi biyu. Nasa kar a sa sukari."

Na leƙo ta taga. "Maushi, ta uku ce fa za a buga."

Aka buga. Mai tsaron ƙofa ya riƙe ƙofar a buɗe yana jiran ta.

"Na ji," ta ce. "Ni ba kurma ba ce. Ka ce ya rufe."